Kallon Kitse Ake Wa Rogo a Ɗakin Intabiyu

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin cewa gwamnatin Jihar Katsina za ta ɗauki ma'aikata, ko wani banki ko wata ƙungiyar agaji ta buɗe gurabe, wayoyin matasan Kankiya da Kusada kan cika da wa'azi iri guda. Ga shi nan a WhatsApp, ga shi a Facebook, ga shi a TikTok, wani da Turanci, wani an juya shi zuwa Hausa a gurguje. Wai mai neman aiki ya shiga ɗaki da ƙarfin gwiwa, ya miƙa wa shugaban kwamiti hannu ya matse sosai, ya kafe shi da ido, kada ya kuskura ya sunkuyar da kai, kuma idan aka ce ya ba da labarin kansa ya zuba yabon kansa babu ƙyaftawa. A ƙarshe sai a rufe da gargaɗin da ya fi kowanne tayar da hankali: wai a cikin 'yan daƙiƙoƙin farko ake yanke hukunci, wanda ya ɓata su ya ɓata rabonsa.

Wannan wa'azi ya daɗe yana yawo babu mai ce masa kanzil, kuma lokaci ya yi da za a tsayar da shi a tuhume shi. Laifinsa biyu ne. Yana neman yaron da aka shekara ashirin da ɗoriya ana koya masa ladabi ya rushe tarbiyyarsa a dare ɗaya. Laifi na biyu ya fi muni, domin yana sauke kaya daga kan masu tambaya ya ɗora wa wanda ake tambaya. Idan har gaskiya ne kwamitin ɗaukar ma'aikata yana gama yanke hukunci kafin mutum ya zauna a kujera, to mai ciwon shi ne kwamitin, kuma shi ya kamata a kai wa magani. Amma sai aka bar shi yana zaune lafiya, aka koma ana ɗura wa yaron da ya zo neman abinci.

Masu wannan wa'azi ba daga sama suka tsinto maganarsu ba. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Princeton da ke Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun riƙa nuna wa mutane hotunan fuskokin da ba su taɓa gani ba, kowace fuska na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sannan su tambaye su ko mai fuskar nan yana da amana, ko ya iya aiki, ko mafaɗaci ne. Sai aka ga hukuncin da aka yanke a cikin wannan ƙyaftawar ido ya yi kusa ƙwarai da wanda wasu suka yanke bayan an bar su sun kalli fuskar iya son ransu. Da aka ƙara wa masu kallon lokaci, abin da ya fi ƙaruwa shi ne yardar da suka yi wa hukuncin nasu. Iyakar abin da binciken ya nuna ke nan, wato zuciya tana da gaggawa. Bai ce tana dacewa ba. Shi kansa Todorov daga baya ya rubuta littafi guda, wanda ya fito a 2017, yana jan kunnen jama'a cewa abin da ake karantowa a fuska ba abin dogaro ba ne wajen sanin hali. Masani ya gano cuta, 'yan kasuwar shawara suka ɗauki cutar suka mai da ita darasi.

Akan kuma jawo karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, a ce ai Bahaushe ma ya yarda. Labarin zuciya dai shi ne fushi da murna da tsoro da ƙiyayya. Babu inda aka ce labarin allura ko na lissafi a tambayi fuska. Bahaushen da ya yi wannan karin magana shi ne ya san kyan ɗan maciji, shi ne kuma ya san irin kallon kitsen da ake yi wa rogo.

A ɗauki misalin yarinyar da ta tashi a Mawashi ko Rimaye, ta yi karatu a makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya, ta yi watanni tana sanin makamar aiki a asibiti. Ta iya awon jini, ta iya riƙe jariri a yi masa rigakafi ba tare da uwar ta firgita ba, ta san yadda ake lallashin tsohuwar da ta rantse ba za ta ƙara haɗiyar ƙwaya ba. A gidansu ba ta taɓa kallon tsabar idon mahaifinta ba. Idan za ta gai da babba durƙusawa take yi, kuma abin da aka karantar da ita na addini da al'ada bai ba ta damar miƙa wa namijin da ba muharraminta ba hannu. Ranar intabiyu ta yi sallama ta tarar da maza huɗu ko biyar, sa'annin mahaifinta, a bayan dogon tebur. Idan ta bi abin da wayarta ta koya mata, ta shiga ido a tsaye tana jero kyawawan halayenta, dattawan Katsina da ke zaune a wurin za su haɗa ido, kuma da ta fita wani zai ce yarinyar nan ta cika rawar kai. Idan kuwa ta bi abin da aka koya mata a gida, ta sunkuyar da kai tana amsawa ƙasa-ƙasa, kwamitin da aka turo daga Abuja ko Legas zai rubuta cewa ba ta da ƙarfin gwiwa, ba za ta iya hulɗa da jama'a ba. Gaba kura, baya sayaki. A duka ɗakunan biyu babu wanda ya miƙa mata na'urar awon jini ya ce ta gwada.

Abin da ake neman ta jefar ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Baturen nan masanin ƙasar Hausa, Anthony Kirk-Greene, a wani ɗan littafi da ya fitar a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma da ake auna mutum da su, kuma kunya da ladabi da haƙuri da amana duk suna ciki. Bai ƙirƙiro su ba, a bakin mutane ya ji su. Al'ummar da ta ce yabon kai jahilci ne ta gina yaranta a kan cewa aikin mutum ne ke yabonsa, ko kuma wani ya yabe shi a bayan idonsa. A wayi gari a ce wa ɗan wannan al'umma wanda ya fi iya yabon kansa shi ne ya fi cancanta, an shirya gasar da ɗan birni mai baki zai riƙa lashewa kullum, ko da kuwa hannunsa bai iya komai ba.

Ga kuma matsalar harshe, wadda ba a cika son a taɓo ta ba. Ma'aikaciyar da za a tura ɗakin shan magani a Kofa ko Kafin Soli za ta wuni tana magana da Hausa, wani lokaci da Fulatanci idan ta iya. Amma da Turanci ake auna ta, kuma idan harshenta ya sarƙe tsakanin harafin f da p, kamar yadda yake sarƙe wa Hausawa da yawa har da masu manyan digirori, sai a ga murmushi ya zagaya teburin. Babu mai musun cewa tana buƙatar Turanci, domin da shi aka rubuta kwalin magani, da shi ake cika rajista. To a ba ta kwalin ta karanta, a ba ta rajistar ta cika. Wannan shi ne Turancin da rayuwar majinyaci ta rataya a kansa. Zaƙin lafazi ado ne, kuma ba a ɗauke ta aikin karanta labarai a talabijin ba.

Masana sun daɗe suna auna hanyoyin ɗaukar ma'aikata don su ga wacce ce ke hango wanda zai yi aiki da kyau. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara sakamakon binciken shekara 85, suka nuna cewa ganawar da aka tsara, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya da suka shafi aikin kuma a ba da maki bisa ma'aunin da aka amince da shi tun kafin a fara, ta fi hirar kara-zube nesa ba kusa ba. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bin lissafin da sabon ido, sai tsararriyar ganawa ta fito a sahun gaba da maki 0.42, hirar kara-zube kuma ta tsaya a 0.19, a ma'aunin da 1 ke nufin hangen da babu kuskure a cikinsa. Tazarar ta ninka har da ɗori.

Akwai wani gwaji da ya fi wannan ban dariya da ban takaici. A 2013 Jason Dana da Robyn Dawes da Nathanial Peterson sun sa ɗalibai su yi hira da wasu ɗalibai domin su yi hasashen sakamakon da za su samu a zango mai zuwa. A ɓoye aka umarci wasu daga cikin waɗanda ake tambaya su riƙa amsa i ko a'a da ka, ba tare da la'akari da gaskiyar amsar ba. Masu tambayar ba su farga ba. Sun fito suna jin sun fahimci mutumin da suka zauna da shi, alhali shirme aka yi ta zuba musu. Kuma hasashen waɗanda suka yi hira ya fi karkacewa a kan na waɗanda suka dubi sakamakon baya kawai. Duk wanda ya taɓa jin wani babban ma'aikaci yana bugun ƙirji cewa shi da ya ga mutum sau ɗaya ya san ko wane ne, ya tuna da waɗannan ɗalibai.

Abin mamaki shi ne, mutanen Kankiya da Kusada ba su jira jami'o'in Amurka ba kafin su san wannan. Manomin Dudunni da zai ɗauki ɗan ƙwadago ba ya tambayarsa inda yake hangen kansa nan da shekara biyar. Garma yake miƙa masa ya ga irin kunyar da zai ja. Kalmar ɗaya ce da waccan kunyar ta fuska, amma manomi ya san wacce ce ke cika rumbu. Mai motar haya a tashar Kankiya da zai ba sabon direba makulli, gefensa yake zama su je Yashe su dawo, yana sauraren yadda yake sauya giya da yadda yake taka birki idan akuya ta gitta. Tela yakan ba yaro ƙyalle mai araha ya ce ya fitar da wuyan riga. Magini yakan ce a jera bulo layi biyu, sannan ya ɗora igiya. Duk waɗannan mutane kuɗinsu ne a ciki, shi ya sa ba sa wasa. Sai a ofis, inda albashin ba daga aljihun mai tambaya zai fito ba, ake da sukunin ɗaukar mutum saboda ya burge.

Wanda ke son ganin tsararriyar jarrabawar baki a ƙasar Hausa, ya je musabaƙar Alƙur'ani, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara shiryawa a matakin ƙasa tun 1986, kuma ake fara tankaɗe da rairayarta tun daga ƙananan hukumomi. Alƙalai suna zaune kowa da takardar makinsa. An san abin da ake aunawa, hadda da tajwidi da sauransu, an san abin da ake ragewa idan aka yi tuntuɓe, kuma a bainar jama'a ake yi. Yaro ɗan ƙauye mai tsohuwar riga yana iya kayar da ɗan attajiri, kuma babu mai cewa an yi rufa-rufa, domin kowa ya ji da kunnensa. Al'ummar da ta iya shirya wannan ba ta da hujjar cewa auna malamin firamare da adalci ya fi ƙarfinta.

Ko a ƙissar Annabi Musa da ta zo a Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ƙarfi da amana ta kafa hujja da su, kuma ta yi maganar ne bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi a bakin rijiya. Malaman tafsiri sun kawo cewa amanar tasa ta gane ta ne daga kamun kan da ya nuna a kan hanyarsu ta zuwa gida. Aiki aka fara gani, kamun kai kuma aka lissafa shi a cikin abin yabo. A yau da irin wannan kamun kai wani zai faɗi intabiyu.

A yi adalci, an ɗan motsa. A farkon mulkin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau a watan Mayun 2023, gwamnatin jihar ta sa masu neman aikin koyarwa, har da malaman shirin S-Power da aka gada daga gwamnatin Aminu Bello Masari, sun zauna jarrabawar gwaji, aka ɗauki malamai sama da 7,000. Jarrabawa ta fi kallon fuska, kuma duk mai son ilimin yaran karkara ya kamata ya yaba da wannan mataki. Sai dai takarda tana auna abin da mutum ya sani ne, ba ta nuna ko zai iya tsayawa gaban yara sittin a aji mai zafi ya fahimtar da su rabawa. Wannan sai an ba shi alli da allo na minti goma, an zaunar da mutum uku kowa da takardar makinsa, kowa ya rubuta nasa kafin su yi shawara, domin kada ra'ayin babba ya danne na ƙanana. Ba ya cin kuɗi. Abin da yake ci shi ne 'yancin da ɗan kwamiti ke da shi na ya ce wannan ta kwanta masa a rai, waccan ba ta kwanta ba, kuma wannan 'yanci ne ake ƙyashin saki.

A nan ne masu yanke ƙauna za su ce duk wannan ɓata yawu ne. A ganinsu intabiyu a Najeriya wasan kwaikwayo ne, an gama raba guraben tun kafin a buga sanarwa, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ba za a ce ƙarya suke yi ba. Ranar 15 ga Maris 2014 hukumar shige da fice ta tara masu neman aiki sama da rabin miliyan a filayen wasa na ƙasar nan, bayan kowa ya biya Naira 1,000, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsin da ya ci rayukan mutum fiye da goma sha biyar. A 2023 kuma, a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta, wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗaɗe daga hannun masu neman aiki, ya ce a madadin shugabar hukumar ya karɓa, ita kuma ta musanta. Matashin da ya ga waɗannan ya ce sai da hanya, ba a ce masa mahaukaci ba.

Amma masu wannan magana sun tsaya a tsakiyar hanya. Ya kamata su tambayi kansu ta wace ƙofa ɗan lele ke shiga. Ta ƙofar hirar kara-zube yake shiga, domin ita ce kaɗai jarrabawar da ba ta barin sawu. Idan aka ce wance ba ta burge kwamiti ba, babu kotun da za ta kai ƙara, babu takardar da za ta nema a duba, babu ma wanda za ta ce ya yi mata ƙarya, tunda burgewa a zuci take. Koyarwar nan ta burge mutane a kallon farko ita ce rigar da son kai ke sakawa idan zai fita cikin jama'a. Ranar da aka wajabta tambayoyi iri ɗaya da maki a rubuce da sa hannun kowane ɗan kwamiti, mai son cusa ɗan'uwansa dole ya yi ƙarya a kan takarda, ya kuma nemi mutum biyu ko uku su taya shi. Zai iya, amma da wahala da haɗari, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ya kamata kuma a tuna wa kwamitoci cewa su ma ana yi musu kallon farko. Sanarwa takan ce ƙarfe takwas na safe, mutum ɗari uku su taru a rana babu benci babu ruwa, 'yan kwamiti su iso bayan sha ɗaya, a kira wani bayan la'asar, ya shiga da yunwa da gumi da rigar da ta yamutse, sannan a dube shi a ce bai shirya ba. Wanda ya wuni a wannan hali ya riga ya koyi darasin farko na aikin da yake nema, wato lokacin talaka ba shi da daraja. Idan aka ɗauke shi, haka zai yi wa majinyata.

Duk wannan ba ya wanke mai neman aiki. Akwai masu fakewa da kunya alhali abin da ke damunsu rashin shiri ne, kuma ba gata ba ne a ɓoye musu. Sunkuyar da kai ladabi ne, amma yin magana yadda ba za a ji ba cutar da mai sauraro ne. Mutum yana iya yin sallama, ya jira a nuna masa kujera, ya karɓi hannu idan babba ya miƙo, mace ta ɗan rusuna ta gaisa da baki, ya dubi fuskar mai tambaya lokacin da yake tambaya ba tare da ya kafe shi da ido ba, sannan ya buɗe baki ya yi magana a fili. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa tarbiyyar gida, kuma babu kwamitin kirki, na Katsina ko na Legas, da zai ga aibinsa.

Faɗin abin da mutum ya iya ma ba yabon kai ba ne. Annabi Yusuf da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma faɗi dalili, cewa zai tsare kuma ya san aikin. Bambancin yana wurin abin da ake faɗa. Wanda ya ce shi haziƙi ne mai ƙwazo mai son ci gaba ya yabi kansa, kuma bai ba kowa komai ba, domin duk wanda ke kan layi haka zai ce. Wanda ya ce, “Ranka ya daɗe, lokacin koyon aiki an ba ni aji huɗu na riƙe wata uku, na tarar da yawancinsu ba sa haɗa baƙi, sai na raba su gida uku ina zama da na baya bayan an tashi,” labari ya bayar, kuma ana iya bincikawa. Shirin gaskiya shi ne mutum ya zauna tun da sauran kwanaki ya tuno irin waɗannan labarai uku ko huɗu daga abin da hannunsa ya taɓa yi, ya faɗe su da ƙarfi a gaban wani yayansa ko tsohon malaminsa har harshensa ya saba, da Hausa da Turanci. Ya kuma san aikin da yake nema: mai neman koyarwa ya iya tsara darasi a takarda, mai neman aikin lafiya ya san jadawalin rigakafin yara da alamomin da ke sa a tura mai ciki babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba, ya faɗi inda zai nemo. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar nan, ya sha amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. A ɗakin shan magani, ma'aikacin da ba ya iya furta wannan kalma shi ne mai kashe mutane.

Sai kuma abin da masu bidiyo ba sa magana a kansa saboda ba shi da armashi, alhali ya fi kayar da 'yan karkara a kan rashin murmushi: takardu. Sunan mutum Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC ko NECO, Muhammadu a katin NIN. A wata takardar ya ƙare da sunan mahaifi, a wata da sunan gari, garin ma a nan Kankia a can Kankiya. Shekarar haihuwa ta takardar rantsuwar kotu ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai an bi ta hannun masu sarauta kafin sakatariya ta sa hannu, ba a neman ta ana gobe intabiyu. Waɗannan gyare-gyare makonni suke ci, kuma akawun da ke tantance fayil a bakin ƙofa yana iya mayar da mutum gida kafin wani ɗan kwamiti ya ga fuskar da aka sha wahalar gyarawa. Haka ma tafiya. Mai fitowa daga cikin Kusada ya tsaya a Gidan Mutum Ɗaya yana jiran motar Katsina ya san mota ba ta da alƙawari, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗinta ma ba shi da alƙawari. Wanda ke da ɗan'uwa a birni ya kwana can.

Tufafi kuwa, a daina wahalar da yara. Kwat da wandon aro, wanda hannunsa ya wuce yatsu, a cikin zafin bazarar Katsina, ba ya ƙara wa kowa kwarjini. Kaftani wankakke gogagge da hula, ko atamfa da hijabi mai tsabta, su ne kayan da gwamnan jihar da kwamishinoninsa da matansu ke shiga taro da su, kuma babu wanda ya ce ba su shirya ba.

Gyaran ba ya jiran Abuja. Makarantun da ke yaye waɗannan matasa, ta lafiya a Kankiya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma da sauransu, suna iya ware mako guda a zangon ƙarshe su zaunar da kowane ɗalibi a gaban malamai uku ya yi bayanin aikinsa da bakinsa, a kuma duba masa takardunsa tun yana da lokacin gyara. Mai makarantar kuɗi a Kankiya da zai ɗauki malami biyu yana iya farawa gobe da alli da allo. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, abin da ya rage musu shi ne su rubuta tambayoyin kafin a buɗe ƙofa, su ba kowane mai nema sa'ar da za a kira shi, sannan idan an gama su liƙa sakamakon a bangon sakatariyar Kankiya da ta Kusada, lamba da maki, sashe-sashe, yadda yarinyar Mawashi da ba a ɗauka ba za ta tsaya ta karanta ta ga a wace tambaya ta faɗi, da maki nawa, da kuma makin wadda aka ɗauka a madadinta.